Adon ƙofa da kaba da zangarniya

Masu shirin adon Kirsimeti a Kaduna, kaba da zangarniyar gero sun wadatar. Sai dai iskar hunturu tana busar da kaba har ta riƙa karyewa, don haka a jiƙa ta a ruwan ɗumi minti 30 kafin a saƙa zoben adon da ake ratayewa a ƙofa.

Wajen manne, ƙaro cokali 1 a ruwa cokali 2, a bar shi ya kwana. In ya tsinke, ba ya riƙe komai.

Zangarniyar kuwa a shanya ta sosai, in ba haka ba ƙwari su ci ta tana rataye, gari na zuba ƙasa. Rinin zoɓo yana kyau, amma rana tana dusashe shi. A rataye a inuwa, nesa da kyandir.