Garin neman gira: yadda na goge faifan da ba shi na nufa ba

Yau kwana ashirin ke nan, amma har yanzu duk lokacin da na ga haruffan nan uku, sdc, sunan da Linux ke ba faifai na uku, sai gabana ya faɗi. Aiki ne na rabin awa, sauya wa wayoyi mazauni a cikin akwatin kwamfuta. Shi ya ci min kwana shida, ya tafi da wani ɓangare na aikin wata biyar wanda ba zai dawo ba.

Kwamfutar tebur ce, tsohuwa, mai BIOS (manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta) irin na da, ba sabon nan UEFI ba. Faifan ajiya uku ne a cikinta: mai GB 500 da Windows 10 ke kai, mai TB 1 da Linux ke kai, sai wani tsoho mai GB 320 da nake jibga tarkace. Ga kuma na'urar DVD. Madabod ɗin na da kafar SATA shida, inda ake jona faifai, biyu masu gudun 6 Gb/s, huɗu masu 3 Gb/s. Da na samu SSD, faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, na buɗe murfi in nema masa wuri, sai na tarar ashe na'urar DVD ce zaune a ɗaya daga cikin kafofi biyun masu sauri, shekara da shekaru. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Na'urar da ko ta ƙure gudunta na 24x ba ta wuce MB 33 a daƙiƙa, me take yi a kafar da ke ɗaukar kusan 600? Nan take na ce yau sai na gyara komai.

Na sa SSD a SATA0. SATA1 na bar ta fanko don wani SSD nan gaba, tunda faifai mai juyawa ko kafar 3 Gb/s ba ya iya cikawa. Tsohon faifan ya samu SATA2 saboda wayarsa gajera ce, nan kaɗai take kaiwa. Na Linux ya koma SATA3, na Windows SATA4, na'urar DVD can ƙarshe. Kafin in taɓa komai na rubuta a takarda: sda Windows, sdb Linux, sdc tsoho. Ina ganin na yi hankali. Wannan takardar ce ta kai ni ta baro.

Da na kunna, baƙin allo ne ya tare ni da grub rescue, saƙon gazawar GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, wai babu ɓangaren faifan da yake nema. Wannan bai daɗe yana wahalar da ni ba. BIOS ya sake jera faifan bayan sauyin, ya tarar SSD babu komai, ya wuce na gaba, wato tsohon faifan. Shi kuwa shekarun baya ya taɓa ɗaukar wani Linux, kuma GRUB na wancan lokacin yana nan kwance a MBR ɗinsa, a sektar farko mai bait 512, yana neman ɓangaren da na goge tun tuni. Na shiga BIOS na ɗora mai TB 1 a sama, jerin zaɓin GRUB ya fito, Linux ya tashi lafiya lau.

Da a nan na tsaya na je na kwanta, da ba ku karanta wannan ba. Amma wancan tsohon GRUB ɗin ya tsaya min a rai. Dama na riga na kwashe tarkacen da ke faifan, dama ina da niyyar yi masa fomatin. Na duba takarda, na ga sdc, na rubuta mkfs.ext4, umarnin yin fomatin, a kan sdc1, ɓangaren farko na sdc.

Ya ƙi. Ya ce ɓangaren a ɗaure yake, wato a haɗe da tsarin ana amfani da shi, ba zai yi ba. Na cire shi daga foldar da na saba ɗaura shi, na sake gwadawa, ya sake ƙi. Gargaɗi na farko ke nan, kuma babu gargaɗin da ya fi shi fitowa fili. Maimakon in tambayi kaina me ya sa faifan da babu komai a cikinsa zai ƙi sakuwa, sai na ce wata manhaja ce ta riƙe shi. Na ɗauko filashin da nake tayar da Linux daga kansa, na sake kunna kwamfutar ta nan, inda babu faifan da ke ɗaure balle a hana ni. Da hannuna na kewaye katangar da aka gina don ta kare ni.

Ko a can ɗin ma sai da ya tambaye ni. Ya rubuta cewa akwai ext4, tsarin fayil na Linux, a wannan ɓangaren, kuma wurin da aka ɗaura shi na ƙarshe shi ne /, wato saiwar tsarin gaba ɗaya, in ci gaba? Alamar tana nan a gabana, 'yar karkatacciyar sanda guda ɗaya. Ban karanta ba. Na san abin da nake sa ran gani, don haka na danna y. Ko minti ɗaya bai yi ba ya gama.

Sai da na ɗaura shi, na tashi na sha ruwa na dawo, na rubuta df don in ga sararin da na samu. GB ɗari tara da 'yan kai. Faifai mai GB 320 ba ya wuce 298 a lissafin Linux. Na daɗe ina kallon lambar nan kafin zufa ta keto min.

Abin da ya faru ba wani sirri ba ne, kuma na san shi, shi ya sa ya fi min ciwo. Sunayen sda, sdb, sdc ba na faifai ba ne, layi ne. Wanda kernel, zuciyar Linux, ya fara gani shi ne a, na biye b, ba a barin gurbi. SSD ya shigo gaba ya zama sda, tsohon faifan ya zama sdb, na Linux ya gusa ya zama sdc. Na gano inda na samo wannan ɗabi'a ta yarda da suna. Na fara harkar nan ne a zamanin IDE, lokacin waya mai faɗi mai fil 40 da 'yar jamfa da ake matsarwa a bayan faifai. A lokacin suna na bin mazauni: hda da hdb su ne biyun da ke kan waya ta farko, hdc da hdd na waya ta biyu. In ka sa na'urar CD a kan waya ta biyu ta zama hdc, to hdc ce ko da babu kowa a hdb. Ka ga waya, ka san suna. SATA ta fito tun 2003, sunayen suka koma bin layi, amma hannuna bai daina tsohon karatu ba.

Akwai abin da na lissafa daga baya wanda ya sa jikina ya ƙara sanyi. Ko da ban hargitsa komai ba, ko da na'urar DVD kaɗai na cire na sa SSD a gurbinta, da faifan Linux ɗin dai shi zai zama sdc. Na'urar DVD ba ta cikin layin, sunanta daban, sr0. Cire ta ba ya rage kowa, amma sa faifai a gurbinta yana tura duk na bayansa gaba da harafi ɗaya. Wato ba yawan wayoyin da na taɓa ba ne matsalar. Takardar ce, da na rubuta suna maimakon girma da lambar siriyal.

Shi ma fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux ɓangaren da zai ɗaura da kuma inda zai ɗaura shi, bai tona asirin ba, kuma dalilin ya cancanci a faɗa. Layin saiwar tsarin da UUID, lambar shaidar ɓangare da ba ta bin layi, aka rubuta shi tun ranar girkawa, shi ya sa Linux ya tashi ba tare da ya damu da sauyin ba. Layin tsohon faifan ni na ƙara shi da hannu, na rubuta sdc1 don ya fi sauƙi. Da ɓangaren da ya gaji sunan na Windows ne, da ɗaurin ya gaza, tsarin ya tsaya a yanayin gaggawa, ni kuma na farga. Sai aka yi rashin sa'a shi ma ext4 ne, kuma Linux ba ya hana a ɗaura ɓangare ɗaya a wuri biyu. Ya ɗaura saiwar kansa a foldar tarkacena, shiru kake ji. Da na leƙa foldar sau ɗaya, da na ga etc da home suna kallona.

Wani abin takaicin, fomatin ɗin da na dage a kai ko a faifan da ya dace ba zai taɓa tsohon GRUB ba. Fomatin na aiki ne a cikin ɓangare, MBR kuwa yana wajensa. Bait 440 na farko ake sharewa in ana so a rabu da shi, a bar lambar shaidar faifan da teburin ɓangarori da ke biye. Na yi asarar da na yi garin maganin da ba ya ma warkar da ciwon.

Minti goman da na bar shi a ɗaure ma sun yi nasu ta'adin. mkfs.ext4 ba ya share teburan inode duka nan take, yakan bar wa kernel ya ƙarasa a hankali bayan an ɗaura ɓangaren. Wato ina can ina shan ruwa, ana nan ana bin bayanan da ke cewa wane fayil ne a ina ana mai da su sifili. Duk wanda wannan ya same shi, kada ya ɗaura don ya duba. Ya kashe, ya zare wayar faifan, sannan ya zauna ya yi tunani.

Saboda saiwa da home duk a ɓangare ɗaya suke, babu abin da ya tsira a gefe. TestDisk, manhajar ceto ɓangarorin da suka ɓace, bai da abin yi min, tunda teburin ɓangarori lafiyarsa ƙalau, abin da ke ciki ne aka rubuta sabo a kai. PhotoRec ya rage, wanda ba ruwansa da tsarin fayil, yana bin faifai ne sekta bayan sekta yana gane fayiloli ta alamar da ke farkonsu. Dole a ba shi wani faifai daban ya zuba abin da ya tsinto. Kusan kwana biyu ya yi yana aiki. Ya dawo da abubuwa da yawa, kuma ina godiya ga Christophe Grenier da ya rubuta shi ya bayar kyauta. Amma babu suna, babu folda. Kowane fayil harafin f ne da dogayen lambobi, an zuba su ɗari biyar-biyar a foldoji masu suna recup_dir. Hotuna sun zo da sauƙi, domin ranar ɗauka na cikin jikinsu, exiftool ya jera min su wata-wata. Takardun aiki kuwa kowanne ya fito sau huɗu, sau biyar, tsoho da sabo a cakuɗe, sai ka buɗe ka karanta kafin ka san wanne ne na ƙarshe. Manyan bidiyoyi da yawa sun dawo a karye. Kwafin ajiyata na ƙarshe ya kai wata biyar, kullum ina cewa gobe.

Ɓangaren Windows bai ba ni wahalar kirki ba. Na ga BIOS na kan yanayin IDE, na mai da shi AHCI, yanayin SATA na zamani, saboda SSD, Windows ya ba ni shuɗin allo da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Na mayar, na sa shi ya tashi a yanayin kariya sau ɗaya tare da sauyin, ya ɗauki direban da kansa. Harafin na'urar DVD ya canza, na gyara a diskmgmt.msc. Faifan ajiya kuwa ba su ruɗe ba, domin Windows da lambar shaidar faifai yake riƙe haruffansu, ba da kafar da suke ba. Na kuma kashe saurin tashin nan da ya zo tun Windows 8, wanda ke barin NTFS, tsarin fayil na Windows, rabi a barci har Linux ya ƙi rubutu a kai.

Da na zo sake girka Linux a kan SSD, na zare wayar bayanai ta kowane faifai, na bar shi shi kaɗai. Mutane na ganin wannan wuce gona da iri ne. Ni ban ga haka ba: faifan da ba a jone yake ba, babu umarnin da zai same shi, kuma mai girkawa ba shi da inda zai kai GRUB sai inda nake so. Da na mayar da sauran, jerin zaɓi ya fito babu Windows, domin tun GRUB 2.06 na 2021 ba ya neman sauran tsare-tsare sai an ce ya nema. Layi ɗaya ne a /etc/default/grub, a sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER ya zama false, sai update-grub.

Yanzu fstab ɗina babu sd ko ɗaya, duk UUID ne da umarnin blkid ya nuna min, faifan da ba dole ba kuma na sa musu nofail don rashinsu kada ya hana tsarin tashi. Kafin duk wani umarni mai gogewa sai na rubuta lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL, umarnin da ke jera faifan da girmansu da siriyal, na karanta da baki, a bayyane, sannan in yi amfani da sunan da ke /dev/disk/by-id, wanda ke ɗauke da samfuri da siriyal. Kowane faifai na manna masa salatif a gefen da ake gani da lambobi huɗun ƙarshe na siriyal ɗinsa. Da ranar nan na yi wannan lsblk ɗin, da 931.5G na gani a gaban sdc, 298.1G a gaban sdb. Daƙiƙa biyar.

Tsohon faifan yana nan a SATA2, har yau ban yi masa fomatin ba. Na ɗaga hannu sau biyu na fasa. Kowane dare nakan buɗe foldojin recup_dir in tace. Jiya na kai ta 212, na tsinci rabin wata takarda da na yi mako uku ina rubutawa, ta yanke a tsakiyar jimla. Saura folda 140.