Ganyen kurna a farantin gwaji

A shekarata ta ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna a Wad Madani ta ƙasar Sudan, kafin yaƙin 2023, na zaɓi yin bincike a kan ganyen kurna, wanda Larabawan nan ke kira sidir. A gidanmu a Mai Wurno da shi ake wanke kai, da shi ake yi wa mamaci wanka, kakata kuma tana ba da shi ga masu ƙuraje.

Na jiƙa garin ganyen a itanol, wato sinadarin barasa, na tace, na ɗiga a kan 'yan takardu, na jera su a farantin da aka shuka ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus. Washegari kowace takarda ta share fili a kewayenta, inda ƙwayar cutar ta kasa tsirowa. Har na fara hango sunana a jikin kwalin magani.

Malamarmu ta duba, ta ce: "Ina takardar da ba komai a jikinta sai itanol?" Ban yi ta ba. Da na yi, ita ma ta share fili, don ban bar takardun sun bushe ba. Ashe rabin bajintar ta itanol ce. Da na sake aikin yadda ya kamata, filin ya ragu sosai, amma bai ɓace ba.

Ko wannan ma, in ji ta, sabulu yana yin sa. Kafin a ce magani sai an san sinadarin da ke aikin, nawa za a sha, me yake yi wa hanta da ƙoda. Ganyen sanamakki da Sudan ke fitarwa waje ya haye wannan gada, sinadarinsa na cikin ƙwayoyin sakin ciki, amma duk da haka in aka zarce sai murɗa da zawo.

Ita ce kuma ta ba ni labarin Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta ci kyautar Nobel a 2015. Ita ta gano artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga ganyen wani tsiro, amma tafasa tana lalata shi. Wani tsohon littafi da ya ce a jiƙa ganyen a matse ne ya sa ta daina amfani da zafi.

Ni ko tambayar kakata ban yi ba. Da hutu na je na ce, "Kaka, yaya kike haɗa shi?" Ta ce a inuwa take shanyawa, ta daka, ta kwaɓa da ruwa a shafa. Ni kuwa a rana na baza nawa a kan kwanon rufi, kwana uku.