Abin da na koya a lab kan ƙwayar nimoniya

Tunda na ajiye aikin nan bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. Ku da kuka zauna a bencin kalca, inda ake shuka samfurin mara lafiya a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro, kun san Streptococcus pneumoniae, kowa na ce mata ƙwayar nimoniya kamar huhu ne kaɗai gidanta. Alhali tana nan zaune a hanci da maƙogwaron mutane masu lafiya ƙalau, musamman yara, ba ta yi musu komai. Sai ta samu ƙofa, mura mai zafi ko ƙyanda ta raunana jiki, sannan ta gangara huhu, ko ta shiga kunne ya fara ruwa, ko ta faɗa jini, ko ta haura kai ta zama sanƙarau.

Wata rana ta fito mini a jinin wani yaro mai sikila da aka kawo da zazzaɓi, na ɗauki sakamakon da gudu na kai wa oga, ko kallon takardar bai gama ba ya ce hoton ƙirjin yaron fes yake, datti ne na bari ya shiga kwalbar da aka shuka jinin, a gaban ɗalibai ya ce in koma in koyi wanke hannu. Na ce ranka ya daɗe, mai sikila fa saifarsa ta lalace, kuma ita ce ke tace irin wannan ƙwayar mai kaurin ɓawo daga jini. Ya ce ba ni na zo koya masa aiki ba. Aka ce a sake ɗibar jini, bayan an riga an fara ba yaron magani, to me zai tsiro? Kafin a farga wuyan yaron ya sanƙare, ruwan da aka ɗiba daga ƙashin bayansa ya nuna ita ɗin dai ce. Allah Ya sa ya tashi, amma kunne ɗaya ya tafi. Har na bar wurin ba wanda ya ce mini ka yi gaskiya, kuma wallahi ba yabon nake nema ba, kunnen yaron ne ke damuna.

Shi ya sa nake gaya wa sababbi, in kun gan ta a kaki ku tsaya ku yi tunani, ƙila daga maƙogwaro ta biyo, amma in a jini ko ruwan baya ta fito ku ɗaga murya ko waye a gabanku. Samfur kuma kar ya kwana, da kanta take narkewa ta mutu. Sannan ta haura iri 90, rigakafi bai rufe duka ba, don an yi wa yaro allura kar ku cire ta daga lissafi.