Yadda na zaɓi fiyano a ƙauyen da wuta ba ta da tabbas

Kaya iri biyu ake sayarwa a Kano da sunan fiyano, kuma duk mai son komawa kiɗa bayan ya daɗe da bari ya kamata ya san bambancinsu tun kafin ya hau mota. Akwai wanda muka saba gani a situdiyo da wajen biki, mai madannai 61 marasa nauyi, cike da muryoyi da ganguna, ka ɗora yatsa ɗaya na hagu ya tayar maka da kiɗa sukutum. Irin su Yamaha PSR ke nan, waɗanda waƙoƙin finafinan Hausa suka girma a kansu. Akwai kuma wanda aka ƙera don ya maye gurbin babban fiyano na katako: madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36, kowanne da 'yar guduma a ƙarƙashinsa da take ba shi nauyi.

Na biyun nake nema. Ina saurayi na koyi karanta nota, wato rubutun kiɗa, a Sabon Gari, wajen wani dattijo mai fiyanon katako a ɗakinsa. Daga baya aure da aikin koyarwa da gona suka dawo da ni ƙauyenmu a ƙasar Ringim, hannu ya rabu da madanni shekara da shekaru. Da yara suka tasa na ɗan samu sarari, sai abin ya dawo mini da ƙarfi.

Na katakon ban ma sa shi a lissafi ba. Yana da wayoyin ƙarfe sama da 200 a ɗaure tamau a jikin ƙarfe da katako, kuma katako yana shan danshi yana kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu. A yanayi irin namu sautinsa zai riƙa kaucewa, mai gyaran da zai daidaita shi kuwa sai an ɗauko shi daga nesa. Ga gara. Na lantarki ba ya buƙatar a daidaita masa sauti har abada.

A shagon farko da na shiga, mai shagon ya jawo mini mai madannai 61. Ya ce, "Malam, wannan shi kowa yake saya. Akwai goge, akwai sarewa, akwai ganga, har na Indiya." Gaskiya ya faɗa, don masu situdiyo da makaɗan biki su ne yawancin masu sayensa, kuma aikinsu yake yi musu. Amma da na ɗora hannu sai na ji kamar na ɗaga tulu ina zaton cike yake, ashe babu ruwa a ciki. Yatsun da suka koyi kiɗa a kan nauyi ba sa mantawa. A fiyano na gaske, ƙarfin dannawarka shi ne yake fitar da sauti a hankali ko da amo, kuma nauyin madannin ne yake ba yatsa abin da zai auna ƙarfinsa da shi. Idan babu wannan nauyin, za ka iya buga nota daidai, amma ba za ka iya sa hannun dama ya yi waƙa hannun hagu ya lafa a ƙarƙashinsa ba, wanda shi ne daɗin abin gaba ɗaya.

A nan ake yawan ruɗa mai saye. Za a ce maka madannan suna jin ƙarfin dannawa, kuma haka ne, ƙananan ma da yawa suna ji. Amma jin ƙarfi daban, nauyin guduma daban. Hanyar ganewa ita ce ka kashe fiyanon gaba ɗaya, ka danna madanni a hankali babu sauti. Mai guduma za ka ji wani abu yana ɗagawa a ciki sannan ya dawo da kansa. Mai sifirin kuwa turo yatsanka kawai yake yi. Ka gwada can ƙarshen hagu, ka gwada can ƙarshen dama: a mai kyau na hagu sun ɗan fi nauyi, kamar yadda yake a na katako.

Uku na fi daɗewa a kansu. Yamaha P-45, nauyinsa kilo 11.5, muryoyi 10 kacal, yana riƙe sauti 64 a lokaci guda. Roland FP-10, mai riƙe 96, wanda a hannuna madannansa suka fi na sauran kama da na dattijon nan na Sabon Gari. Sai Casio CDP-S110, siriri, kilo 10.5, shi ma 64. Wannan lissafi na sautin da fiyano yake riƙewa, masu shago suna son ambatarsa. Ma'anarsa, idan ka taka feda, abin takawa da yake tsawaita sauti, sautuka suka taru suka wuce adadin, sai na farkon su fara yankewa. Ga mai kiɗa shi kaɗai da muryar fiyano zalla, da wuya ya cika 64, don haka ban bar wannan ya yanke mini hukunci ba.

Wuta ce ta yanke. Da a birni nake da Roland ɗin na ɗauka. Amma a ƙauyenmu ana iya kwana da kwanaki ba a ga wuta ba, kuma lokacin da babba mai iyali yake samu don kiɗa ɗan kaɗan ne: bayan Isha'i, ko da sassafe kafin a fita. In ya zama sai na tada janareta kafin na zauna, na san ba zan riƙa zama ba, ga ƙara ga kuɗin mai. Casio ɗin yana aiki da batir 6 irin na AA, kuma ana samun masu caji. Yamaha da Roland ɗin sai an jona su. Duk cikinsu babu mai cin wuta, ba su kai tsohon ƙwan lantarki ba, saboda haka mai sola da inbata a gida wannan matsalar ba tasa ba ce, ya bi abin da hannunsa ya fi so. Ni ƙaramar sola gare ni ta cajin waya da fitila, ita take caja mini batiran da rana.

Na duba na hannu ma, tunda farashin sabo yana bin dala ne. Wanda zai sayi na hannu kada ya ji kunyar ɓata lokaci a shago. Ya danna madannai 88 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya a hankali sau ɗaya da ƙarfi. Idan wani ya yi tsawa alhali a hankali aka taɓa shi, ko ya yi shiru, yawanci robar da ke ƙarƙashinsa ce ta gaji ko ƙura ta shige ta. Ya jona feda ya gwada, ya ƙure sifika ya ji ko tana karkarwa. Sannan ya juya adafta ya karanta rubutun jikinta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma kayan hannu da yawa daga can suke zuwa. Adaftar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 babu damuwa. Wadda aka rubuta wa 100 ko 120 kaɗai, jonawa ɗaya ta ƙone. Ni dai na ƙarasa na sayi Casio ɗin sabo da rasit, saboda nisan da ke tsakanina da mai gyara.

Tsawonsa ya haura mita ɗaya da santimita 30. Ba kayan babur ba ne, ba kuma na ɗaurewa a saman mota ba. A tashar 'Yankaba na biya kuɗin kujerun baya na kwantar da shi cikin kwalinsa. Ƙafar ƙarfe mai gicciye da ake haɗa shi da ita tana rawa a daɓen da bai daidaita ba, sai na kai wa kafintan garinmu awo ya yi mini teburi da benci, yadda in na zauna gwiwar hannuna za ta yi daidai da madannai. Mai shekaru irin nawa bayansa da wuyan hannunsa ba sa yafe zaman da bai daidaita ba.

Maiɗakina ce ta ɗinka masa riga da yadi mai kauri. Ta ce, "Baban Sadiƙu, ƙurar hunturun nan da take shiga har cikin kwalla, wannan ramukan za ta bari?" Ina tashi nake rufe shi, ba a cin komai kusa da shi saboda ɓera da kyankyaso, kuma na nisanta shi da taga da zafin kwano na bazara. Na sayi abin saurare na kunne mai rufe kunnuwa duka. A gidan gandu nake, Inna tana sashen da ke jikin nawa, masallaci kuma yana bayan katangarmu. Mutanen garinmu ba ra'ayinsu ɗaya ba a kan kiɗa, kuma ina ganin haƙƙinsu ne kada na cusa musu shi cikin dare. Da wannan abin a kunne ina yin awa guda babu wanda ya ji sai ɗan ƙwas-ƙwas na madannai.

Hannun dama ya dawo da wuri. Na hagu ne ya yi nauyi, musamman ƙaramin yatsa da na kusa da shi, sai na koma kan hawa da saukar sikeli, wato bin jerin sautuka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ina bin na'urar ƙidayar bugu da ke cikin fiyanon. A nan ne kuma na ga abin da na sadaukar don batir. Saboda an ƙera Casio ɗin siriri, madannansa gajeru ne daga ciki, don haka idan yatsa ya shiga can kusa da tushensu, tsakanin baƙaƙen, dannawar takan ƙara tauri. A kiɗa mai sauƙi ba a lura, amma a wanda yake da baƙaƙe da yawa ana ji sosai. Wanda zai gwada a shago ya sa yatsunsa can ciki ya danna nota huɗu tare, a kan kowanne daga cikin ukun, kafin ya ciro kuɗi.