Kafin ku ce a aiko da sabon akwatin wifi

Daga Liyon, ƙasar Faransa

Assalamu alaikum ƴan uwa na Yamai. Ina yi muku sannu da zafin bazara, ko da yake sannun ta mai kallo ce daga nesa, don mu nan har yanzu da rigar sanyi muke fita da asuba.

Abin da ya faru a gidanmu na Bukoki shi ya sa ni rubuto muku. Lahadi biyu a jere ban ji muryar Inna ba, alhali mun saba kowace Lahadi bayan la'asar muna hira ta WhatsApp har sai ta ce in bar ta ta yi alwalar magariba. Can sai ga saƙon murya daga ɗan yayata: "Kawu, boks ɗin nan ya mutu, sai dai ka aiko da sabo in wani zai taho." To ni aikina ke nan a garin nan, shiga gidajen mutane ina gyara musu layin intanet, kuma na sha ganin akwatin da suma kawai ya yi ana shirin kai shi kushewa.

Na ce masa ya sayi forfe, wato data, a salularsa mu yi magana, ya tsaya gaban akwatin ya faɗa min abin da fitilun ke yi. Ya ce suna kamawa, su yi kamar minti biyu, su mutu gaba ɗaya, su sake kamawa. Na ce akwai abin da ka taɓa? Ya yi shiru. Sannan ya ce ya samu tsinke ya danna ɗan ramin nan na baya, don wani abokinsa ya ce haka ake yi.

Bari in tsaya a kan ramin nan, don shi ya fi jawo kuka. Maɓallin da ke cikinsa, in aka danne shi kamar daƙiƙa 10, yana mayar da akwatin yadda ya fito daga masana'anta. Sunan wifi ɗin da kuka sa ya tafi, kod ɗinku ya tafi, wani lokaci har bayanan da kamfanin layi ya zuba don akwatin ya san hanyar fita waje. Daga nan salulolin gidan duka su daina gane shi, sai a ce ai ga shi ya ƙarasa mutuwa. In har an riga an danna, ku juya akwatin: akwai takarda manne a ƙasansa ɗauke da suna da kod na asali, da adireshin shiga cikinsa, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, a akwatuna da yawa masu cin pus, wato katin SIM, kuma 192.168.8.1. Amma ramin nan matakin ƙarshe ne. Na farko shi ne a zare waya daga priz, a ƙirga talatin, a mayar, a ba shi minti uku ya dawo hayyacinsa.

Akwai kuma abin da muke cakuɗawa. Wifi dabam, intanet dabam. Wifi famfon cikin gida ne, intanet shi ne ruwan da ke zuwa daga waje. Salula na iya nuna alamar wifi a cike amma ko saƙo ɗaya bai fita, kamar yadda kake murɗa famfo lafiyayye ya yi maka tari don an ɗauke ruwa a unguwa. In akwatinku mai pus ne, ku zare pus ɗin ku sa a salula. In can ma babu komai, to ko forfe ya ƙare, ko rezo ne ya faɗi, akwati bai da laifi. Masu layin fibir su dubi fitilar da aka rubuta wa LOS: in ta yi ja, hasken da ke bin zaren bai isowa, wataƙila an lanƙwasa shi ko ya tsinke a hanya, kuma wannan aikin ma'aikatan layin ne, ba na tsinke ba. Wani lokaci ma matsalar ta fi ƙarfin Yamai baki ɗaya. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wuni cikin wahala. Mu da ba mu da teku, ta ƙasashen maƙwabta layinmu ke biyowa, abin da ya taɓa hanci kuwa sai ido ya yi ruwa.

Amma namu ciwon ba wannan ba ne. Akwatin da ke kamawa yana mutuwa da kansa, zargina na farko a kan sharjarsa yake, wannan baƙin dunƙulen da ke maƙale a priz wanda ba mai ko kallonsa. Ita ke karɓar wuta mai ƙarfin 220 ta mayar da ita 12, kuma ita ke shan duka duk lokacin da aka ɗauke wuta aka maido, ko aka tada gurup, wato janareto. A hankali ƙarfinta yake raguwa. Tana iya kunna fitilu, amma da zarar akwatin ya fara aiki sosai, ya nemi wuta, sai ta gaza, ya faɗi, ya sake tashi. Na ce wa yaron ya karanto min rubutun jikinta. Ya ce 12V da 1A. Na ce duba ta dekodar telebijin. Ya ce 12V da 2A, bakin ma iri ɗaya, ɗan zanen da ke nuna inda alamar tarawa take shi ma iri ɗaya. Na ce sa ta.

Ku riƙe ƙa'idar: lambar V, wato ƙarfin wutar, dole ta zo daidai, kada a sa 19 ta kwamfuta inda ake son 12, don nan take za a ji ƙauri. Lambar A kuwa, wato yawan wutar da sharjar ke iya bayarwa, in ta ɗara ba komai, akwatin abin da yake bukata kawai zai ja. In ta gaza ne ake komawa gidan jiya.

Minti biyar, goma, fitilu suka tsaya cak. Sai na ji muryar Yaya daga tsakar gida tana tambayar wanda ya kashe mata telebijin.

Da ya ɗauko min hoton inda akwatin yake zaune, na gane sharjar ba ita kaɗai ke wahala ba. An ɗora shi a kan dekoda, cikin kabad, an kuma lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, don Inna ba ta son ƙura ta hau kayan da ɗanta ya aiko. Allah ya saka mata, amma yawancin akwatunan nan an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, Yamai kuwa a Afrilu da Mayu ta saba wuce haka a inuwa, balle a ɗaki mai rufin kwano da azahar. Ƙananan ramukan jikinsa ta nan yake numfashi. Ƙurar hunturu ta toshe rabi, ƙyalle ya toshe sauran. Na ce a cire shi daga kabad, a share ramukan da busasshen buroshin haƙori, a ɗora shi a sama inda iska ke wucewa, kusa da taga don pus ya samu rezo, amma ba inda rana ke dukansa ba. Da ƙyar Inna ta yarda da maganar ƙyallen. Sai da na ce mata, "Inna, ke za ki iya lulluɓa da bargo a watan nan?" Ta yi dariya ta ce ba ta son rashin kunya.

Masu kukan cewa wifi bai kai ɗakin baya, in akwatinku na nuna sunan wifi biyu, ɗaya mai lamba 2.4 ɗaya mai 5, ku bi na 2.4, ya fi na 5 ratsa bango, ko da yake na 5 ya fi sauri in kuna kusa. Ƙofar ƙarfe da bangon siminti mai rodi kuwa duka biyun suna cinye su.

Damina na tafe. In hadari ya haɗu aka fara tsawa, ku zare shi daga priz. In aka ɗauke wuta ma ku zare, ku bari ta dawo ta zauna na ƴan mintoci kafin ku mayar. Wanda ke da hali ya sa masa na'urar daidaita wuta.

Washegari yaron ya je kasuwa da tsohuwar sharjar a aljihu don a gwada baki da baki, ya sayo sabuwa a kuɗin da bai kai na kaza ba, Yaya ta karɓi ta dekodarta. Ranar Lahadi ƙarfe shida agogon nan, biyar a can gida, salulata ta yi ƙara. Inna ce, hoto tas, tana tambayata ko ina cin abinci, ta ce ta ga na rame.

A gaida mutanen Bukoki da Wadata, da ƴan fadarmu ta bakin titi in har yanzu ana dafa shayin.

Naku,
ɗan Bukoki mazaunin Liyon