Azurfa, Shuɗi da Jar Fitila

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandaren ƙauye ta wajen Ringim, kuma aikin digirina na biyu a kan kashe ƙwayoyin ciwon daji da haske yake. Dabarar tana da ƙafa uku: magani mai farkawa idan haske ya taɓa shi, hasken kansa, da iskar oksijin. In suka haɗu, oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama dafi, ya ƙona ƙwayar da ke kusa da shi kaɗai. Ƙananan ƙwayoyin zinare ko azurfa, masu faɗin nanomita 10 zuwa 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), suna tara haske a jikinsu, maganin ya ƙara ƙarfi, wani lokacin ma su yi zafi da kansu.

Zinare ya fi ƙarfin aljihuna, sai na koma wa azurfa. Na dafa ganyen darbejiya, na tace, na riƙa ɗiga ruwan cikin gishirin azurfa. Ina kallo ruwa garau ya koma rawaya, ya rine zuwa ruwan ƙasa, alamar ƙwayoyin azurfar sun haɗu ke nan. Ruwan rijiya ba ya yi, nan take zai yi fari kamar an dama koko, dole sai tataccen ruwa daga Kano. Yatsuna kuwa sun daɗe da baƙin tabo.

Ƙwayoyin dajin da ake reno don gwaji ba sa zama a inda babu wutar lantarki, suna son ɗumin digiri 37 dare da rana. Don haka na ɗebo ruwan kududdufi, na gwada a kan 'yan halittun da ke iyo cikinsa, irin waɗanda Oscar Raab ya fara ganin rini da haske suna kashewa a Jamus a 1900. Da shuɗin metilin, wani rini mai farkawa da haske, da jar fitila, suna daina motsi a ƙarƙashin madubin likita. A duhu kuwa suna ta yawonsu. Amma da na zuba azurfa, sai suka mutu ko an haska ko ba a haska ba. Azurfa guba ce da kanta, shi ya sa masana da yawa suka fi karkata ga zinare. Duk wanda bai ajiye kwalba ɗaya a duhu ba, zai yaba wa haske aikin da ba nasa ba.

Labari ya zaga gari. Wata dattijuwa ta yi sallama, ta ce, "Malam, an ce kana haɗa maganin daji. 'Yata ce, a nono." Na ce, "Inna, dubi nan." Na ɗora tafin hannuna kan tocila. Yatsu suka yi ja, tsakiyar tafin ya tsaya baƙi. Jan haske bai cika wuce santimita ɗaya cikin tsoka ba, shi ya sa maganin ya fi amfani a fata ko inda za a zura siririyar wayar haske, kamar maƙoshi da huhu. Ƙarin da ya yi zurfi sai tiyata da sauran magungunan asibiti. Na roƙe ta su tafi Asibitin Malam Aminu Kano tun a makon.

Ko Photofrin, maganin allura na wannan dabara wanda Kanada ta amince da shi a 1993, yana barin mutum ba ya jure rana har wata guda ko fiye. Manomin Jigawa da aka yi wa allurar a tsakiyar damina, sai an nemo mai yi masa noma.