Mawaƙi da tutar ƙasarsa

Jiya mun raba dare muna gardama da abokina kan gasar waƙa ta Eurovision, wadda ƙasashen Turai da wasu ƙalilan daga waje ke shiga. Shi cewa yake mawaƙi ba soja ba ne, a ƙyale shi, kada a kore shi daga gasa saboda yaƙin ƙasarsa.

Na tuna masa a Fabrairun 2022, washegarin mamayar Yukren aka kori Rasha daga gasar. Amma a 2024, ana ruwan bama-bamai a Gaza, Isra'ila ta hau dandali a birnin Malmo na ƙasar Sweden, dubban mutane na zanga-zanga a titi. Masu shiryawa wai gasar gidajen talabijin ce, ba ta gwamnatoci ba. Wannan hujja ba ta shige ni ba. Wanda ya fito da tuta, ƙasa yake wakilta, ko ya so ko ya ƙi.

Sai ya ce, mawaƙan Rasha da suka fito fili suka ƙi yaƙin fa, me suka yi?